Ɗan Asabe Tela da Takun Jibo Dillali

A ranar Talata, takwas ga watan Nuwamba na shekarar 2022, ran kasuwar Mafara, Ɗan Asabe Tela ya fara ganin Sadi. Neman zare da maɓallai ne ya kai shi kasuwa, sai ya tarar da 'yan dako sun yi da'ira a bakin rumfar masu albasa suna ta ƙyaƙyata dariya. A tsakiyarsu wani siririn yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, da jakar makaranta a kafaɗa, yana kwaikwayon yadda wata tsohuwa ke tayin albasa: ta ɗaga, ta shinshina, ta yatsina fuska, ta yi kamar za ta tafi, ta dawo. Ba komai a hannun yaron, amma sai da Ɗan Asabe ya ji kamar idonsa zai yi yaji.

Da taron ya watse ya kira shi gefe.

"Kai ɗan gidan wa na?"

"Ɗan Malam Abdu na Maradun, Baba. Ina zaune wurin gwaggona nan Mafara, ina boko."

"Wa yak koya maka wanga abu?"

"Ba kowa. Kallo kawai nika yi."

Ɗan Asabe ya manta da zaren da ya fito saya. Ya bi yaron har gidan gwaggon tasa, ya yi sallama, ya nemi a ba shi lambar wayar Malam Abdu.

Shi Ɗan Asabe haifaffen Bakura ne, ɗan wani manomin rani. Tun yana ƙarami, in azumi ya yi kwana goma, shi ke jan tashen unguwarsu, kuma tsofaffin garin har yau suna tuna yadda yake shigar dattijo da gemun auduga yana tari. Da ya tasa aka kai shi Talata Mafara koyon ɗinki. A shekarar 2001 ya sayar da kekensa ya tafi Kano don ya zama ɗan fim. Shekara takwas ya yi a can. Ya fito a maigadi mai buɗe ƙofa, ya fito a ɗan kallo cikin kotu, sau ɗaya ya fito a gawa, shi ma aka ce numfashinsa ya yi yawa. Duk lokacin da aka ba shi magana sai ya ɗaga murya kamar yana tashe a ƙofar gida, har wani darakta ya taɓa ce masa kyamara ba kurma ba ce. Ɗinkin kayan da 'yan wasa ke sawa ne ya ciyar da shi. Ya dawo Mafara a 2009, ya buɗe shago kusa da tasha, ya auri Shatu.

Abin da ya dawo da shi daga Kano ra'ayi ne guda. Ya ce shi ba baiwa ya rasa ba, mai koya masa ya rasa. Ana kai yaro wurin maƙeri, ana kai shi wurin tela, amma wasan kwaikwayo kowa ya ɗauka da shi ake haihuwar mutum. Saboda haka ya fara tara yara ran Alhamis da Juma'a bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ke bayan shagonsa. 'Yan mata kuwa a cikin gida suke nasu, Shatu na zaune. Bai taɓa karɓar yaro ba sai ya je zauren ubansa da ƙafarsa. Wasu iyayen sukan ce yana koya wa yara ƙarya. Sai ya ce maƙaryaci so yake a yarda da shi, su kuwa kowa ya san wasa suke tun kafin su buɗe baki. Yakan gaya musu cewa sana'a ce ana cin abinci da ita: akwai wasannin rediyo, akwai na wayar da kan jama'a a kan rigakafi da tsafta, akwai fim ga wanda Allah ya nufa. Sharaɗinsa dai yaro ba zai bar karatu ba, kuma ya riƙe wata sana'ar hannu, domin shi kansa allura ce ta rufa masa asiri.

Mutum ne mai yawan fargaba. Yana rufe shago ya dawo ya sake jijjiga kwado. In yana magana hannunsa ba ya barin aljihun gaban rigarsa, yana shafawa kamar wani abu zai faɗi. Shatu takan ce in ya rasa abin damuwa sai ya je ya aro wurin maƙwabta.

Hanyar koyarwarsa ba ta da yawa. Muryarka ta kai ga wanda ke tsaye a can baya ba tare da ka yi ihu ba. Kada ka nemi fuskar uwarka cikin taro. Kada ka yi dariyar abin da ka faɗa. Babban darasinsa kuwa shi ne wanda yake kira ɗauko mutum. In ya ba yaro rawar da zai taka, ba ya nuna masa yadda zai yi. Sai ya ce, "Tahi kasuwa ka ɗauko mutum." Yaron zai je ya zaɓi wani, ya zauna nesa yana kallonsa: yadda yake taku, inda yake ajiye hannu, abin da yake yi kafin ya yi magana. Sai ya dawo da shi gindin darbejiya. Ɗan Asabe ya san mutanen Mafara kaf, don haka da yaro ya yi taku biyu zai ce, "Wanga ai mai shayin bakin tasha na." In ya ga wanda aka ɗauko mutum ne da ba ya son wasa, ko rawar ta mugu ce, sai ya ce a mayar da shi a ɗauko wani. A haka aka yi shekaru ba a taɓa samun matsala ba.

Sadi ya fi duk yaran da suka taɓa zama a gindin bishiyar nan. Kafin damina ta faɗi ya iya yin shiru a gaban taro, abin da Ɗan Asabe ya ce shi sai da ya yi furfura ya gane amfaninsa. Ya fara tunanin cewa wannan yaron zai kai inda shi bai kai ba.

Dab da Babbar Sallar 2023 wata ƙungiyar matasa ta Maradun ta aiko tana son a yi mata wasa a kan infoma, wato masu kai wa 'yan bindigar daji labarin wanda ya sayar da shanu ko wanda ɗansa ya aiko da saƙo daga birni. A wannan yanki babu kalmar da ta fi wannan nauyi. Ɗan Asabe ya yi ta juya maganar, ya ce a'a, ya ce to, ya sake cewa a'a. Daga ƙarshe ya amsa, don ya ga wannan ne karon farko da yaransa za su tsaya a gaban wani gari. Ya tsara wasan, ya ba Sadi rawar infoma. Da yaron zai tafi gida hutun Sallah ya ce masa kamar kullum, "In ka tai, ka ɗauko mutum."

Sadi ya dawo da mutum. A gwajin farko ya shigo yana jan ƙafar hagu, kafaɗar dama na yin gaba kafin sauran jiki. Ya tsaya, ya ja fatar kunnensa sau biyu, ya juya baya ga mutane, ya kara waya a kunne, ya rufe ta da tafin hannu, ya sunkuya. Yaran suka yi tsit. Ɗan Asabe ya matso kusa da shi.

"Ina kas samo wanga?"

"Wani mutum na a kara, Baba. Waya ba ta barin kunnenai."

Kara ita ce kasuwar shanu. Ɗan Asabe bai san kowa a karar Maradun ba, takun bai tuna masa da kowa ba, kuma daɗi ya rufe shi. Mutumin da ke dawowa ya jijjiga kwado bai tambayi sunan wanda aka ɗauko ba, bai kuma tsaya ya yi tunanin cewa a garin mutumin za a yi wasan ba.

Aka yi wasan ran Asabar, sha biyar ga Yuli, bayan la'asar, a wani filin makaranta. Duk damuwar Ɗan Asabe a ranar hadari ne da ya haɗo daga gabas. Yana tsaye bayan zanen da aka rataya yana leƙen sama lokacin da Sadi ya fita. Yaron ya ja ƙafa, ya ja kunne. Kafin ya kara wayar wani daga baya ya ɗaga murya:

"Kai! Jibo!"

Fili ya ɗauki dariya. Sadi ya yi yadda aka koya masa, bai kula ba. Ya juya baya, ya rufe wayar da hannu, ya ce da murya ƙasa-ƙasa wadda ta kai har can baya, "Ya saida bijimai biyu yau. Shina gida." A nan dariyar ta mutu. Ɗan Asabe ya leƙo, ya ga mutane ba Sadi suke kallo ba, junansu suke kallo. Ya ga wayoyi a sama ana ɗauka. Hannunsa ya tafi aljihu ya tsaya a can.

Ya tambayi ɗaya daga cikin matasan da suka gayyace shi wane ne Jibo. Aka ce dillalin shanu ne, mutumin Dosara, yana shiga rugage saye. Saurayin ya ƙara da cewa, "Ai da ma ana ɗan faɗi-faɗi. Ku kun san wani abu ke nan?"

"Ba mu san komai ba! Wasa na!"

Saurayin ya yi murmushin wanda ya gane, ya dafa masa kafaɗa.

Kafin su iso Mafara hoton wasan ya riga su. Kwanakin da suka biyo baya Ɗan Asabe ya ɓata yadin mutane, ya ɗinka hannun riga a baibai. Ya kira shugaban ƙungiyar ya roƙe shi ya gaya wa mutane cewa kuskure ne. Shugaban ya ce zai faɗa, amma abu ya riga ya shiga waya. Shatu ta daina zolayarsa. Takan ajiye masa tuwo ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Ran Laraba da hantsi yana kan keke ya ɗaga kai, sai ya hango takun Sadi yana tahowa daga tasha a jikin wani babban mutum mai furfura. Ƙafar hagu na jan ƙasa, kafaɗar dama na gaba. Ɗan Asabe ya miƙe bai san ya miƙe ba.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Marhaba. Bismilla, ga benci."

"An kwana lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya iyali?"

"Suna lahiya."

"Ya damina?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"To madalla." Baƙon ya jingine sandarsa. "Kai na Ɗan Asabe mai wasa?"

"Ni na."

"Ni na Jibo." Ya ja fatar kunnensa sau biyu. "Malam, tambaya ta kawo ni. Na taɓa cin maka wani abu? Ko ubana da ubanka sun yi rigimar gona ban sani ba?"

"Wallahi, Malam Jibo, ban taɓa ganinka ba sai yau."

"To wanga ya hi muni. Da ka san ni, da na san inda zan ba da haƙuri."

Ɗan Asabe ya fara bayani, yana tuntuɓe da kalmomi, a kan ɗauko mutum da gindin darbejiya. Jibo ya karkato da kunnen dama yana saurare, sannan ya ɗaga hannu.

"Ƙahwar ga bijimi yat taka ta, shekara ashirin ke nan. Kunnen ga na hagu tun ƙyanda ba ya ji. In ban ruhe waya da hannu ba cikin kara, mi zan ji? Daji kau, ubana ma can shika sayen shanu. To yanzu an haɗa mani duka ukku wuri guda. Shekaranjiya ɗiyata ta tai ɗibar ruwa, anka ce mata ɗiyar infoma. Jiya Kamalu, shugaban 'yan sa-kai, ya aiko. Ya ce in taho rumfar dillalai ran kasuwa, akwai tambayoyi."

Ba sai an yi wa Ɗan Asabe bayani ba. 'Yan sa-kai matasa ne da suka ɗauki tsaron gari a kansu bayan abin da aka sha. Akwai waɗanda aka taɓa kira tambayoyi suka dawo gida, akwai waɗanda ba su dawo ba.

"Ka bar garin mana, ko na ɗan lokaci."

"In na gudu ai na amsa laihin ke nan, in bar masu ɗiyana da sunan. In na tsaya kuma…" Ya sake jan kunne, bai ƙarasa ba. Ya ɗauki sandarsa. "Ban zo faɗa ba. So nike in ga fuskar wanda yay yi mani." Ya yi sallama ya tafi, ya ƙi ko ruwan da aka kawo.

Ɗan Asabe ya rufe shago da rana tsaka, bai koma ya jijjiga kwado ba. Ya tarar da Sadi a gidan gwaggonsa ya ƙi zuwa makaranta, idanunsa sun kumbura.

"Baba, kashe shi za su yi? Ni nij ja mashi?"

"Ba wanda yam mutu. Kuma ni na aike ka. Wanke fuskarka."

Ya san in ya je ya tsaya gaban Kamalu ya rantse cewa wasa ne, za a ce tsoro ne ya kama shi yana janye magana. Mutane sun gani da idonsu, kuma abin da ido ya gani baki ba ya goge shi. Sai dai a sake nuna musu wani abin. Ya gaya wa Shatu abin da yake shirin yi. Ta ce, "Kai da ke tsoron kwado?" Ta ɗauko masa rigar da zai sa.

Saura uban yaron. Jajibirin kasuwa suka shiga motar Maradun da rana ta ɗaga sosai, lokacin da direbobi suka fi yarda da hanya. Da aka shiga inda gero ya rufe gefen titi fasinjoji suka daina hira, kowa na kallon tagarsa, har aka ga rufin gidajen gari.

Malam Abdu ya saurare shi a zaure har ya gama.

"Malam Ɗan Asabe, da kaz zo nan ka ce mani sana'a za ka koya mashi."

"Haka nic ce."

"Yanzu kuma in ba ka shi ka kai gaban masu bindiga."

"Gaban mutanen garinku, Malam Abdu. Alhaji Ishaq shugaban dillalai na nan, dattawa na nan."

"Dattawa na nan ranar da anka tahi da wasu."

Ɗan Asabe ya zauna yana shafa aljihu. Can Malam Abdu ya ce Jibo ya taɓa sayar masa da saniya, bai cuce shi ba, bai kuma yi masa alheri ba, mutum ne dai kamar kowa. Ya ce zai bari, amma shi zai tsaya kusa da ɗansa, kuma in ya ce a tafi, a tafi.

Washegari rumfar dillalai ta cika har waje. Jibo na zaune a ƙasa a kan buhu. Alhaji Ishaq na kan kujera, casbi na yawo a hannunsa a saman tumbi. Kamalu, saurayi dogo da bai kai shekara talatin ba, yana tsaye ya dogara da ƙafa ɗaya a jikin ginshiƙi, yana tauna tsinke, kowane ɗan lokaci yana gyara igiyar bindigarsa da ɗaga kafaɗa. An ce an kashe wansa a gona shekara biyu da suka wuce. Ba ya dariya.

Ɗan Asabe ya durƙusa ya gaida Alhaji Ishaq gaisuwa mai tsawo. Ya ce shi ne mai wasan, ga yaron, yana neman izinin nuna wani abu kafin a fara.

"Wani wasan kuma?" in ji Kamalu. "Na farkon ya ishe mu. Yaro ba ya ƙirƙiro abin da bai gani ba."

"Gaskiya ta, ya gani. Taku yag gani. Maganar ni nir rubuta ta a Mafara." Ya juya. "Sadi, sake yin wurin wayar nan na cikin wasa. Amma ni za ka ɗauko."

Sadi ya tsaya kamar an dasa shi. Idonsa na kan bindigar. Ɗan Asabe ya matsa kusa ya ce a hankali, "Kada ka nemi fuskar kowa. Wanda ke can baya kawai."

Yaron ya ja numfashi. Kafaɗunsa suka rankwafa, ya ƙanƙance ido kamar mai zura zare, hannunsa ya hau aljihun gaba yana shafawa. Ya yi taku uku ya dawo ya jijjiga wani kwadon da babu shi. Ya kara waya. "Ya saida bijimai biyu yau. Shina gida."

Mutane suka kalli Ɗan Asabe, wanda a daidai lokacin hannunsa ke kan aljihu. Wani ya tuntsire da dariya.

"Yanzu, in Alhaji ya yarda…" in ji Ɗan Asabe.

"Kai, yi mana," in ji Alhaji Ishaq. "In gani ko ni ma infoma na."

Sadi ya turo ciki gaba, ya jingina da iska, yatsunsa na jan casbi, ya yi gyaran murya irin ta Alhaji kafin ya faɗi magana guda ɗin nan. Rumfa ta kece. Wani dillali ya ce, "Alhaji, ashe kai na! A kama shi!" Alhaji Ishaq na dariya har da share hawaye yana cewa, "Ɗan banzan yaro! Abdu, wanga ɗan naka ka yi mashi addu'a."

Kamalu ya cire tsinken daga baki.

"Kun shirya wanga tun gida. Malamin nai na, Alhaji kau tun shina jariri ya san shi. Wanga bai wanke kowa ba."

Dariyar ta lafa. Iyakar abin da Ɗan Asabe ya shirya ke nan, ba shi da sauran komai. Ya dubi Jibo, ya ga ya sunkuyar da kai. Malam Abdu ya miƙa hannu zai kama kafaɗar ɗansa a tafi.

Sadi ya riga ya matsa. Ya je ɗaya ginshiƙin ya jingina, ya naɗe ƙafa ɗaya. Ya tsinci kara a ƙasa ya sa a gefen baki. Ya ɗaga kafaɗar dama ya gyara igiyar da babu ita. Ya kalli rumfar ta ƙasan ido, ya cire karan, ya kara waya.

"Ya saida bijimai biyu yau. Shina gida."

Har muryar ta Kamalu ce.

Ba wanda ya motsa. Ɗan Asabe ya taka ya tsaya tsakanin yaron da Kamalu, bai san abin da zai yi a wurin ba in ban da tsayuwar. Ana jin kukan shanu daga waje. Sai ɗaya daga cikin yaran Kamalu, wani mai jar hula, ya toshe baki da hannu, dariyar ta ƙwace masa ta hanci. Na kusa da shi ya kama. Alhaji Ishaq bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Kamalu, yau ɗin ga yaf fara tsayuwa kusa da kai. Da kai yag gani a kara ran nan, yau wa za mu tambaya?"

Kamalu ya dubi Sadi. Ya jefar da tsinken.

"Ya isa." Ya juya ga Jibo. "Tashi ka tahi. Amma idonmu na bisa kanka." Sannan ga Ɗan Asabe: "Kai kuma, tela, kada in ƙara ganin wasanka garin ga."

"Ba za ka gani ba."

Jibo ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sandarsa, ya ratsa mutane yana jan ƙafa. Ba wanda ya yi dariyar takun. Bai dubi Ɗan Asabe ba.

Ba a taɓa Jibo ba, ba a kuma sake kiransa ba. Amma hoton farko ya ci gaba da yawo a wayoyi, na biyun kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauka. Masu shanu suka riƙa kai dabbobinsu wurin wasu dillalan. Bayan girbin wannan shekarar ya kwashe iyalinsa zuwa Bakura wurin surukinsa, inda yake dillancin awaki da tumaki. Ɗan Asabe ya je har can sau biyu ya ba shi haƙuri. Jibo yana amsa gaisuwarsa har ƙarshe, ba ya ƙara komai a kai.

Iyaye da dama sun janye 'ya'yansu daga gindin darbejiya, shi ma ya dakatar da koyarwa har bayan azumin 2024. Da ya sake buɗewa da yara bakwai ya canza dokar ɗauko mutum. Yanzu yaro zai ɗauko taku wurin wani, murya wurin wani, hannu wurin wani, kuma sai ya faɗi sunan kowanne. In rawar ta mugu ce, takun Ɗan Asabe ake sa mata. Malam Abdu bai janye Sadi ba. Yaron yana sakandare a Mafara, yana koyon ɗinki a shagon, kuma a hutun da ya wuce an ɗauki muryarsa a wani wasan rediyo a Gusau.

Ɗan Asabe yana nan a shagonsa kusa da tasha. Idonsa ya fara rauni, Sadi ke zura masa zare. Bai sake kai wasa Maradun ba.